Cin gwajin hayaƙi ba ya tabbatar da tsabtar mota a kan titi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa motar dizal da ta ci gwajin hayaƙi a ɗakin gwaji, haka take a kan titi, alhali ba lallai ba ne. A 2014 masu bincike na Jami'ar West Virginia suka bayyana cewa da suka ɗora na'urar awo a motocin Volkswagen suka tuƙa su a titunan Amurka, iskar naitirojin oksaid da ke fita ta salansa ta ninka ƙa'ida sau da dama. A 2015 kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 na ɗauke da manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta ƙarfafa tace hayaƙin, sannan ta sassauta a hanya. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin iskar tana lahanta huhu, musamman na masu asma.