Ba kowane isotop ne guba ba

A nan Damagaram, da ka ambaci isotop sai hankalin mutum ya tafi ga iraniyom na Arlit, ya ɗauka guba ce. Kuskure ne. Isotop dai ƙwayoyin zarra ne na sinadari ɗaya waɗanda nauyinsu ya bambanta. Ruwan da mai garuwa ke juye maka a randa ma yana ɗauke da su: oksijin 16, da oksijin 18 mai ɗan nauyi, wanda yake kamar 2 cikin ƙwayoyin oksijin 1000. Ba mai cutarwa a cikinsu.

Na'urar awon nauyin ƙwayoyin zarra tana ba su caji, ta bi da su ta maganaɗisu, mara nauyi ya fi lanƙwasa, sai su rabu a ƙidaya. Ruwan tabkin da rana ta daɗe tana sha ya fi yawan oksijin 18, don mara nauyin ke fara tashi. Da haka masana ke gane ko ruwan rijiyarmu daga tabki yake tsatsowa.