Wai a kashe sauti tunda mace ce ke sharhi

Abin da aka yi jiya a gidan kallonmu har yanzu yana min ciwo wallahi. Ana fara wasa aka ji muryar mace, sai wani daga bencin baya ya ce a kashe sauti, mutane kuma suka mara masa baya. Na juya na ce malam wane kuskure ta yi? Sunan wane ɗan wasa ta ɓata? Shiru. Wai muryar ce kawai bata yi masa ba.

Irin wannan wulaƙancin aka yi wa Jacqui Oatley a Ingila. Matar nan ƙwallo take bugawa har ta goce a gwiwa, ta yi watanni tana dogara sanda, ta ajiye aikin ofis mai albashi ta koma koyon jarida daga tushe, rediyon asibiti, ƙananan wasanni a BBC ta Leeds, tana kwana a ƙasa a ɗakin ƙawaye. Ranar 21 ga Afrilu 2007 ta yi sharhin Fulham da Blackburn a Match of the Day, shirin ƙwallo na talabijin ɗin BBC da tun 1964 ake yinsa ba a taɓa ba mace makirufon sharhin wasa ba. Tun kafin ta buɗe baki tsohon koci Dave Bassett ya ce shi bai yarda ba. Tun kafin ta buɗe baki fa jama'a! To wane kuskure ta yi?

Kar wani ya ce min ai bata taɓa buga Firimiya ba. John Motson, shahararren mai sharhin BBC, ya buga ne? Masu maganar murya kuma, ku da kuke kallon wasa da sharhin Larabci ba kwa jin ko kalma ɗaya, yau kune alƙalan murya?

Tsakani da Allah ina tausayin 'yan matanmu masu son aikin nan. Oatley ta daure har aka ba ta lambar girmamawa ta Birtaniya MBE a 2016, ta yi sharhin Kofin Duniya na Qatar a 2022, amma nawa ne suka haƙura tun a hanya saboda baki irin na jiya? In ta yi kuskure ku faɗa, mu ma za mu taya ku. In babu ku bari mu ji wasa.