Na gaji da bidiyon attajiran Las Vegas

Wai don Allah yaushe za a daina cika mana waya da bidiyon attajiran Las Vegas, birnin caca na Amurka? Ka buɗe, ga wani a ɗakin otal ɗin Palms da aka sa wa farashin dala 100,000 kwana ɗaya a 2019, har da matattun kifayen shak a gilashi, barcin can ƙara shekaru yake yi? Ka wuce, ga wata cikin kwalekwale a tsakiyar otal ana rera mata waƙar Italiya, a hamadar jihar Nevada fa, alhali tafkin Mead da garin ke sha ya ja baya sosai a 2022! Ga nama lulluɓe da zinariya, ciki ya san zinariya? Ga mai ihun murna ya zubar da kuɗin gida uku a teburin caca kafin asuba, kuma wai mu tafa masa!