Karatun Jarida Ba Koyon Zaƙin Murya Ba Ne

Sau da yawa a Gombe, idan ɗalibi ya ce zai karanta aikin jarida, sai a ɗauka cewa gyaran murya zai koya domin a riƙa jinsa a rediyo, malaminsa kuwa a ɗauke shi a matsayin mai koyar da iya lafazi. Wannan fahimta ta yi wa fannin ƙwauro ƙwarai.

Farfesa Umaru Pate, wanda ya koyar a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero kafin ya zama shugaban Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2021, ya yi suna ne ta hanyar nazarin dangantakar kafafen yaɗa labarai da al'umma, musamman yadda ake ba da rahoton rikici. Irin wannan shi ne ƙashin bayan karatun. Idan rigima ta ɓarke tsakanin manoma da makiyaya, ɗalibin da aka horar ya san dole ya ji ta bakin ɓangarorin biyu, ya tabbatar da adadin waɗanda abin ya shafa daga majiya fiye da ɗaya, sannan ya auna ko ambaton ƙabila a kanun labari zai ƙara rura wutar. Muryarsa, ko da ta kai zuma daɗi, ba za ta yi masa wannan aikin ba.

Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ma bai ambaci murya ba. Abin da ya ɗora wa 'yan jarida shi ne sa ido a kan gwamnati domin ta yi wa jama'a bayanin yadda take riƙe amanarsu.