Samari masu mashin, ku daina bari a raba muku inji don giya ta yi tauri

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa masu mashin, musamman ku 'yan acaba na Kwangila da PZ da Ƙofar Doka a Zariya, da ku ƙannena na gareji da kuka fara riƙe sifana. Magana ce a kan giyar mashin, na san wasu ba za ta yi musu daɗi ba amma gara a faɗa. Abin da ya zama yayi yanzu shi ne da giya ta fara gardama sai mai mashin ya ruga gareji yana "oga giyata ta mutu", shi kuma yaron gareji ko hawa mashin ɗin bai yi ba sai ya ce ai sai an raba inji. Haba jama'a! Mutum ya zo da ciwon kai ka ce sai an kai shi asibitin Shika an yi masa tiyata? Sau da yawa abin da ake kira matsalar giya a waje yake, sifana da minti goma sun ishe shi, amma sai a kwance maka inji ka rasa aikin kwana biyu, ga kuɗin fakin ga na baƙin mai ga wanda ya ba ka mashin yana jiran balas.

Kafin kowa ya taɓa maka noti, ɗora mashin a babban jaki ka kashe shi, ka tsuguna ka riƙa juya tayar baya da hannu gaba da baya a hankali, ɗaya hannun yana danna ƙafar giya. Dole sai kana juya tayar, domin haƙoran ciki ba sa shiga juna sai sun dace. In ka ji kowace giya ta faɗa da ɗan sautinta "ƙas", daga ɗaya har huɗu in Boxer ce, ta kuma dawo firi ba gardama, to da wuya a ce cikin injinka ne, kuloci za ka tuhuma. In kuwa inji a kashe ma tana cijewa, sai ka koma kan ƙafar giyar da sandar da take ɗaure a kai. Wannan gwajin ko sisi ba ya ci kuma ya raba maka gardama gida biyu.

A kuloci mutane suka fi cutar kansu. Ka matse liba har ta taɓa hannun mashin, ka taka giya ɗaya sai ka ji "gau" mashin ya zabura gaba ko ya mutu, in ka tsaya a cunkoson kasuwar Sabon Gari ka yi ta laluben firi daga ɗaya ta tsallaka, sai ka kashe mashin sannan ta samu, duk wannan kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya, galibi waya ce ta saki ko ta fara tsinkewa sili-sili. Duba bakin wayar a wajen liba, in ka ga silin ƙarfe ya miƙe kamar gashi canza ta kawai, kar ka jira ta tsinke maka a hanyar Basawa da dare. Wasan da ake so a ƙarshen liba wajen milimita 10 zuwa 20 ne kafin ka ji ta fara ja, wato kusan faɗin yatsa, ana saita shi a sama wajen liba da kuma ƙasa wajen inji. Ƙurar hunturu ma tana shiga cikin rigar wayar ta sa ta tauri, ɗigon mai kaɗan ya isa.

Sai kuma masu ɗaure wayar tam ba wasa ko kaɗan wai don kuloci ya yi kaifi. Wannan ya fi na farko ɓarna, domin filet, wato faya-fayan da ke cikin kuloci, ba za su taɓa damƙe juna sosai ba, kullum suna cikin sulɓi suna ƙonewa. Ranar da ka ɗauko buhun masara daga Giwa ka murɗa totur ka ji inji na ihu mashin ba ya gaba, ba giya ba ce, filet ɗinka ne ka cinye da hannunka. Masu roba-roba kuma da ba su da kuloci a hannu, naku saitin yana jikin murfin inji ta dama, wani ɗan sukuru ne da noti a kansa, da yawa ba su ma san yana nan ba har mashin ya tsufa.

Baƙin mai kuwa, ku sani a irin mashinanmu mai ɗaya ne ke wanke fistin da kuloci da giya, filet ɗin a cikinsa suke iyo. Don haka wanda ya wuce lokacin juye, ko ya sayi na gorar ruwa a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, kar ya yi mamaki in giya ta yi masa nauyi. Nemi 20W-50 na mashin, ka duba bayan robar ka ga an rubuta JASO MA, domin wasu mayukan mota ana sa musu sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kuloci sulɓi. Boxer wajen lita ɗaya take sha, cika shi ya wuce ƙa'ida ma ba gata ba ne. Kuma wanda ya san sanyin asubar Samaru a watan Janairu ya san mai yana yin kauri filet su manne, giyar farko ta shiga da ƙara, wannan ba ciwo ba ne, bar shi ya yi silo minti biyu uku kana matsa liba kana saki. In kun zo juye kar ku kau da kai, tara man a kwano mai tsabta ka kai shi rana ka karkata. Ɗan ƙyalli kamar gari ba abin tashin hankali ba ne, amma in ka ga gutsuren ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, wannan kam maganar ta shiga ciki.

Ƙafar giya ma a duba ta. Mashin ya faɗi ta hagu ta lanƙwashe tana gogar murfin inji, ko notinta ya saki haƙoranta suka cinye tana juyawa a banza. Don Allah ku daina kai wa mai walda ya like ta da sandar, zafin yana ƙona sil mai ya fara yoyo, kuma ranar da za a cire sai an yanke. In ka taka ba ta dawo da kanta ba, sifirin ɗin da ke dawo da ita ne ya karye, a bayan murfin kuloci yake, ba sai an raba inji ba. Haka sarƙa in ta saki ko haƙoran sufuroket sun zama ƙugiya, sai ta riƙa tsalle kana ɗauka giya ce ke fita.

Ku kuma masu tuƙi sai na faɗa muku taku. Wasunku ba taka giya suke ba, dukanta suke da diddige kamar suna da haushinta, wani ya ɗora ƙafa a kai tun daga Tudun Wada har Ɗanmagaji bai ɗauke ba, wani kuma burgewarsa ita ce canza giya ba kuloci, ko ya dawo biyu yana tsakar gudu don taya ta yi ƙara a gaban 'yan mata. Duk wannan nauyin a kan fok yake sauka, wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke tura giya gefe ta kama 'yar uwarta, in ya lanƙwashe ko ya cinye giyar ba za ta ƙara shiga har ƙarshe ba.

Daga nan ne ake samun ciwon da ya cancanci a raba inji, kuma yana da alama. Giya guda ce tak, galibi ta biyu, za ta shiga lafiya amma da ka ba ta wuta sai ta fice ta koma firi, ko ka ji wani "ƙwas ƙwas" a giya ɗaya kaɗai sauran shiru, alamar haƙori ya gutsure. Kukan da ke bin duk giyoyi kuma a fi zargin boris. Ƙannena na gareji, ku tambayi mai mashin wace giya ce, da sanyi take yi ko sai inji ya yi zafi, ya faɗi kwanan nan, yaushe rabonsa da juye, ku hau ku zagaya da kanku kafin ku yanke masa kuɗi, haƙƙin mutane ne. Kai kuma mai mashin in ta tabbata ciki ne ajiye shi, kar ka ce bari in ƙarasa satin, gutsuren haƙori ɗaya in ya shiga tsakanin sauran zai iya kulle tayar baya kana kan titin Kano tsakanin tireloli. Ka tsaya a buɗe a gabanka, a nuna maka kunnuwan giyar da suka cinye, wato waɗanda ke gefenta da take kama 'yar uwarta da su, a canza ta tare da wadda take kamawa, a duba fok da hanyar da yake bi a jikin dirom, wato ƙarfen da ke juyawa yana tafiyar da fok ɗin, domin in aka sa sabuwar giya a kan lanƙwasasshen fok ba za a jima ba ta sake ficewa.