Ba tsufa ba ne, manhajar ce ba ta jin Hausa

Ranar nan a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato na tsaya bayan wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka, tana son tura wa mai kawo mata kaya kuɗi. Ta danna lambobin banki a 'yar ƙaramar wayarta, rubutu ya fito da Turanci, kafin ta tantance zaɓi na ɗaya da na biyu allo ya ɗauke. Har sau uku. Sai yaron mai POS ya miƙo hannu: "Inna, kawo in yi maki, wannan ba aikin tsofaffi ba ne." Ta ba shi wayar, ta faɗa masa lambar sirrinta a bainar jama'a.

Maganar yaron ta tsaya mini a rai, domin ita ce a bakin kowa: waya ta matasa ce, mata kuwa ba su da kan na'ura. Ban yarda ba. Matar nan tana riƙe da lissafin adashin mutum ashirin a ka, ba ta taɓa rubutawa ba. Takardar naira dubu ma ta ajamin da ke jikinta take karanta ta. Wadda ta iya wannan, a ce zaɓi biyar a allo ya gagare ta? Abin da ya kayar da ita harshe ne, da ƙananan haruffa, da daƙiƙun da aka ƙayyade kamar ana korar ta.

Ga shaida a hannun kowa. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya, iyayenmu mata ba wanda ya buɗe musu aji. Yau daga cikin ɗaki suke cinikin atamfa da turaren wuta, su aika gaisuwa har Makka. Danna ka yi magana, shi ke nan.

Matasan ma da ake yabo, a duba su da kyau. Tun da JAMB ta koma jarabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yara nawa suka fara zama gaban kwamfuta ranar jarabawar? Iya TikTok daban, iya cike fom daban.

Wannan zato yana da tsada. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an tura mutane kan taransifa dare ɗaya, dattawa da yawa suka miƙa katinsu da sirrinsu ga wanda ba su sani ba. Idan kuɗin ya salwanta, sai a ce ai tsohuwa ce, wanda ya tsara manhajar kuwa ya sha.

Abin kunya ne a wannan gari musamman. A nan Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, ta zaɓi dattawan mata a matsayin jajoji, wato jagororin karatun, ta tura su ƙauyuka da karatu cikin harshen da mata ke ji.

Bankuna da kamfanonin waya su sa Hausa, su sa murya, su ƙara lokaci. Kafin su saki manhaja kuma, su kai ta rumfar Inna mai daddawa, su zauna su ga inda za ta tsaya.