A kotunan gundumomin Amurka, beli ke riga alƙali yanke hukunci

Ranar 4 ga Agusta 1961 aka gurfanar da Clarence Earl Gideon gaban kotu a gundumar Bay ta jihar Florida. Tuhumar ba wata babba ba ce. An fasa wani gidan wasan sunuka da asuba, an kwashe tsabar kuɗi da 'yan kwalaben giya, wani matashi kuma ya ce ya ga Gideon yana fitowa daga wurin. Mutumin yana da shekara 50, bai yi nisa a boko ba, aljihunsa kuma fayau. Ya roƙi alƙali Robert McCrary ya naɗa masa lauya. Alƙalin ya ba shi haƙuri, ya ce dokar Florida ba ta ba shi wannan damar ba sai ga wanda laifinsa ke iya kai shi ga hukuncin kisa. Haka Gideon ya miƙe ya kare kansa iya ƙarfinsa, aka ɗaure shi shekara 5.

Daga kurkuku ya samu fensir da takarda ya rubuta wa Kotun Ƙolin Amurka koke. Ranar 18 ga Maris 1963 alƙalai tara suka haɗu a kan magana ɗaya: duk wanda ake tuhuma da babban laifi, in ba shi da halin ɗaukar lauya, wajibi ne jiha ta ba shi. Aka sake shari'ar a wannan kotun, gaban wannan alƙalin, amma yanzu da lauya mai suna Fred Turner. Turner ya titsiye mai shaidar da tambayoyi har maganarsa ta fara tangal-tangal, ya kuma sa direban tasin da ya ɗauki Gideon a safiyar ya tabbatar cewa bai gan shi da kwalba ko ɗaya ba. Masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da aka zaɓo su saurari shari'ar, sun yi kamar awa guda suna shawara, suka fito suka wanke shi.

Amurkawa na son wannan labari, kuma ba su yi laifi ba. Abin da ya dame ni shi ne, shekara 60 da ɗoriya bayan haka, mafi yawan waɗanda ake tuhuma a kotunan gundumomi ba sa ma kai wa matakin da lauya irin Turner zai miƙe ya yi wa mai shaida tambaya.

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma a can ne akasarin shari'un laifi ke farawa su ƙare, ba a manyan kotunan tarayya da muke jin labarinsu a rediyo ba. Gunduma ce ke da gidan wakafi, galibi a hannun sherif, wato babban jami'in tsaron gunduma. Babban mai gabatar da ƙara kuwa, a yawancin jihohi, zaɓensa ake yi da ƙuri'a kamar ɗan majalisa, don haka yana da dalilin nuna wa jama'a cewa shi ba ya wasa da masu laifi. A takarda, wanda aka kama yana da kariya mai yawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1966 a shari'ar Miranda, dole ɗan sanda ya gaya masa yana iya yin shiru kuma yana iya neman lauya kafin a yi masa tambayoyi. In an kama shi ba da sammaci ba, alƙali zai duba dalilin kamun cikin awa 48. Mai gabatar da ƙara ba shi da ikon ɓoye shaidar da za ta taimaki wanda yake tuhuma. A babban laifi kuma, tun 2020, sai bakin masu taya alƙalin ya zo ɗaya kafin a ce an kama mutum da laifi.

Sai dai duk wannan na wanda ya jira ranar shari'a ne. A 2012 ita kanta Kotun Ƙoli ta ambaci alƙaluman da ke nuna cewa kashi 94 cikin 100 na hukuncin da ake samu a kotunan jihohi, ta hanyar amsa laifi ake samunsa. Ciniki ake yi: ka amsa ƙaramin laifi, a janye babban, a rage maka zaman. Kuma wanda ke kwana a gidan wakafi ba ya ciniki irin na wanda ke kwana a ɗakinsa.

Nan ne beli ya shigo. A zaman farko, wanda sau da yawa ba ya wuce 'yan mintoci, alƙali zai faɗi adadin kuɗi. Mai hali ya biya ya tafi gida, ya zauna da lauyansa a tsanake. Marar hali ya nemi dillalin beli, wanda zai tsaya masa ya karɓi kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin, kuma ba ya mayarwa ko da an wanke mutum daga baya. Wanda ba shi da ko wannan sai ya koma ciki. Kwana uku kaɗai sun isa mai aikin wanke-wanke a gidan abinci ya rasa aikinsa. Mako biyu, mai gida ya fara maganar kuɗin haya. Sai mai gabatar da ƙara ya aiko da tayi: ka amsa, a lissafa kwanakin da ka riga ka yi a matsayin hukuncinka, yau ka kwana da 'ya'yanka. Ka ƙi, ka jira watanni. Mutum nawa ne za su ce a'a, ko da sun san ba su aikata ba?

Akwai wanda ya ce a'a. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Bronx ta birnin New York cikin Mayun 2010, bisa zargin ƙwace jakar goyo. Aka sa belinsa dala 3,000, iyalinsa ba su da shi, daga baya ma aka hana belin gaba ɗaya saboda yana ƙarƙashin sa ido kan wata tsohuwar magana. Aka kai shi kurkukun tsibirin Rikers. Dokar New York ta ce masu gabatar da ƙara su shirya cikin wata 6 a babban laifi, amma a wancan lokacin lissafin na da ƙofar baya: su ce ba su shirya ba, a ba su mako guda, kotu kuma saboda cunkoso ta ɗage zaman zuwa mako shida, sai a rubuta musu mako ɗayan da suka roƙa kawai. Da haka aka cinye shekara 3 na rayuwar yaron, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici. A 2013 aka yi masa tayin ya amsa ƙananan laifuka ya tafi gida nan take. Ya ƙi, ya ce bai yi ba. Ba a jima ba aka janye tuhumar ba tare da an taɓa yin shari'ar ba. Cikin Yunin 2015 ya kashe kansa a gidan iyayensa, yana da shekara 22. Birnin New York ya biya iyalinsa dala miliyan 3.3 a 2019.

Masu kare tsarin na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce in kowa ya dage sai an yi cikakkiyar shari'a, kotunan za su durƙushe cikin mako guda. Sukan ce kuɗin beli ne ke sa mutum ya dawo kotu, kuma wanda aka zalunta shi ma yana da haƙƙin kada ya ci karo da wanda ya cuce shi a bakin layi washegari. Na yarda da ta ƙarshen. Amma kuɗi ba ya auna haɗari. Dillalin ƙwaya mai buhun daloli zai biya ya fita, matar da aka tare da lasisin tuƙi marar aiki ta zauna. Ba misali na ƙirƙira ba: abin da ya sami Maranda ODonnell ke nan a gundumar Harris, inda birnin Houston yake, a 2016, aka sa mata dala 2,500. Ƙararta ce ta sa alƙaliyar tarayya Lee Rosenthal ta yanke a 2017 cewa yadda gundumar ke tsare talakawa kan ƙananan laifuka ya saɓa wa tsarin mulki. Wani bincike da aka buga a shekarar kan wannan gundumar ya gano cewa waɗanda aka tsare sun fi takwarorinsu da aka saki yiwuwar amsa laifi da kashi 25 cikin 100. In mutum haɗari ne, a zauna a kawo hujja a tsare shi a kan hujjar. Jihar New Jersey ta kusa daina belin kuɗi tun 2017, Illinois kuma ta soke shi ɗungurungum a Satumban 2023, kotunansu na nan suna zama.

Kada mu yi saurin taɓe baki, laifi tudu ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Najeriya da ke neman abinci a Bronx da Harlem da Houston. Ga ɗan ƙasa, amsa ƙaramin laifi tabo ne a takarda. Ga baƙo, ko da yana da katin zama na dindindin, yana iya zama tikitin jirgi. Jose Padilla, haifaffen Honduras, ya shafe sama da shekara 40 a Amurka da izini, har ya yi mata yaƙi a Vietnam. Aka kama shi da tabar wiwi a motarsa a Kentucky, ya amsa laifi, ya kuma ce lauyansa ne ya kwantar masa da hankali cewa wanda ya daɗe haka ba a korarsa. Ashe laifin na cikin waɗanda kora ke biyo bayansu kusan kai tsaye. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce wajibin lauya ne ya faɗa wa baƙo wannan kafin ya amsa. Amma lauyan gwamnatin da ke rungume da fayil ɗari, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba sai yau a barandar kotu, yana iya mantawa ya tambayi inda aka haife ka. Kai za ka fara gaya masa, kafin ya miƙo maka biro.